Farin Tabo

Da ruwan khal suka gano shi.
Wannan dai da nake yayyafa wa kabeji da latas
kowace yamma a bakin titin Aboabo,
shi nas Akosua ta ɗiga a auduga,
ta ce in saki jiki, in kalli sama.
Na kalli fanka. Fiffike uku, ɗaya ya lanƙwashe.
Minti ɗaya, in ji ta.
Sai wani ɗan wuri a bakin mahaifata ya yi fari,
kamar yaron da aka kira sunansa a aji
ya ɗaga hannu.

Bai zama kansa ba tukuna, in ji likita,
amma ya kama hanya.
Na ce wace hanyar?
Ta Kejetia mai cunkoso,
ko ta Tamale da tsakar dare?
Bai yi dariya ba. Ya rubuta mini rana.

Shekarata ashirin da shida.
Ciwon daji ake ce masa,
ni da ban taɓa kwana a daji ba,
ni da aka binne wa cibiya a Asawase
tsakanin masallaci da injin niƙa.

Takardar na ninke ta huɗu
na cusa a bayan rigar wayata.
Kwana tara tana nan.
Duk wanda ya kira ni, da ita nake amsawa.

A bakin famfo na ji Maman Sadat
tana cewa ai wannan ciwon masu yawo ne.
Ba da ni take ba, ba ta ma sani ba.
Bokitina ya cika, ya tumbatsa,
ina tsaye, ruwa na bin yatsun ƙafata.

Tijani na gaya wa a cikin kekensa,
ya kashe inji, ya daɗe yana murza makulli.
Washegari sidi ɗari huɗu suka shigo wayata,
babu kalma ko ɗaya a tare.
Har yau ban gane ba:
gudunmawa ce, ko sallama?

Asana kuwa, 'yar biyuna,
cikinta wata bakwai, ƙafa duk a kumbure,
ta ja hannuna ta ɗora inda ɗan yake shuri.
Ɗaki ɗaya muka yi haya wata tara, Fuseina, in ji ta,
in naki ya yi yoyo, ga nawa.
Na so in yi mata godiya.
Na so in fizge hannuna.
Na bar shi a wurin.

Ranar aikin, a Komfo Anokye,
siririn ƙarfe aka ɗumama da lantarki.
Allura ta kashe zafin, amma ba ta kashe hanci ba:
ƙauri na ji, irin na ganda a mayanka,
na ce ashe haka nake wari in an babbake ni.
Abin da suka yanko bai kai ɓarin goro ba.
Suka jefa shi a kwalba, suka rubuta sunana,
har da kuskuren harafi ɗaya.
Ban gyara musu ba.
Wataƙila ciwon ya ɓata hanya, ya rasa mai shi.

Mako shida kafin sakamako.
Inna ta daina tambaya,
sai dai in farka cikin dare in ji tafinta a marata,
leɓɓanta na motsi.
Ni kuma ina lissafi:
kuɗin mota, kuɗin auduga, kuɗin gwaji na gaba,
da sunayen 'ya'ya uku da na tanada tun ina Islamiyya,
waɗanda yanzu nake jin nauyin ambata.

Jiya na koma bakin teburina.
Na yanka kabeji, na jera ƙwai,
hasken fitila na rawa a kan faranti.
Na ɗauki kwalbar khal.
Na daɗe ban zuba ba.
Mai saye ya ce, 'yar'uwa, sauri nake yi.